Maigida ya yarda in koma karatu, amma da sharuɗɗa uku

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, shekaruna 32, 'ya'yana uku, ƙaramar ba a daɗe da yaye ta ba. A cikin birnin Kano muke zaune. Digirina na farko a fannin koyar da Hausa ne, na fita da 2:2, kuma shekara shida ke nan ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati. Na daɗe ina son yin digiri na biyu a fannin walwalar jama'a, wanda ake kira MSW. Ƙanina ne ya sa min son sa. Ya faɗa shaye-shaye, mun yi ta yawo da shi daga wannan mai magani zuwa wancan, ba mu samu wanda ya zaunar da mu ya nuna mana hanya ba. Bara na sayi fom, amma jami'ar da na gama ta riƙe min tiranskirif, wato takardar cikakken makin da na ci a kowane kwas, har aka rufe karɓa, kuɗina ya tafi a banza. Bana wani ya ce in ba shi wani abu zai samo min gurbi ko babu tiranskirif. Sannan a sakandare fas na samu a lissafi, ban sani ba ko zai hana.

Maigidana ya yarda, har ya ce zai biya rabin kuɗin makaranta, amma ya ce ba zan shiga gidajen mutane ba, ba zan je gidan yari ba, kuma magariba ta riƙa yi min a gida. Surukata kuwa cewa ta yi wannan shiga sharo ba shanu ne, 'yan walfiya, wato jami'an walwala, raba aure suke yi. Shugabar makarantarmu ta ce mastas a fannin ilimi ya fi min amfani wajen ƙarin girma. Wata ƙawata da ke Ingila ta ce in nemo can. Kaina ya kulle. In sake sayen fom, ko in haƙura?

Daga wata malama a Kano

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya yaye wa ƙaninki, ya raya miki zuri'a. Tambayarki a kan fom ta tsaya, amma fom shi ne mafi sauƙin abin da ke gabanki. Karatun walwalar jama'a ƙafa biyu gare shi, ɗaya a aji, ɗaya a fili. Aikin fili shi ne makonni ko watannin da ake tura ɗalibi asibiti ko gidan marayu ko ofishin walwala, ya riƙa zama da mutanen da matsala ta koro, a ƙarƙashin ma'aikacin da ya ƙware, ana duba aikinsa ana ba shi maki. A nan sharuɗɗan maigidanki za su gamu da gaskiyar aikin, a nan koyarwarki za ta yi karo da karatu, a nan kuma ciwon ƙaninki da kike ɗauke da shi zai motsa. Kafin ki sake kai kuɗi banki, wannan za ki fara warwarewa. Amma bari mu sallami zancen takardu tukuna, tunda shi ya ci miki kuɗi bara.

Mutumin da ya ce ki ba shi wani abu, ki ba shi haƙuri. Ko da sunanki ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka, gurbin na wucin gadi ne har sai an tantance takardu, kuma tiranskirif yana cikin abin da ake bi a tabbatar daga jami'ar da kika gama. In aka gano cuwa-cuwa daga baya, korar ɗalibi ake yi ko da ya kai zangon ƙarshe, shi kuwa dillalin ya daɗe da canza layi. A shafin jami'a ake cike fom, a fitar da lambar biya da sunanki, ki biya, ki adana rasit. In a shagon intanet za a cike miki, ki zauna kusa da yaron ki ga lambar wayarki da imel ɗinki ya saka. Akwai masu rasa kiran tantancewa saboda saƙon ya tafi imel ɗin mai shago.

Tiranskirif kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki nema yanzu, kafin sanarwar bana ta fito, ki ba shi aƙalla wata uku. Jami'a ce take aika wa jami'a, ba a hannunki za a danƙa miki ba, don haka ki rubuta adireshin inda za a kai daidai yadda yake a sanarwar bara. Inda abin ya fi maƙalewa shi ne sashenku na da: makin wani kwas na aji biyu da ba a shigar ba, ko fayil da aka jefa ɗakin ajiya. Ki je da kanki ki ga jami'in jarrabawa na sashen, ki riƙe kwafin sakamakonki na kowane zango in kina da shi, ki riƙa rubuta ranar da fayil ya bar wannan tebur ya koma wancan. Ki tambaya ma ko wanda kika biya bara ya fito daga baya. In ya fito, an rage miki rabin wahala. Bayan an aika, ki je inda aka aika ki tabbatar ya shiga fayil ɗinki. Sannan wata rana ki shimfiɗa takardunki a kan tabarma ki karanta su ɗaya bayan ɗaya, sakamakon sakandare, shaidar digiri, ta bautar ƙasa, takardar haihuwa da katin NIN. Matan aure suna yawan faɗawa wannan rami, wata takarda da sunan uba, wata da sunan miji, ko ranar haihuwa ta sha bamban. In haka ne, rantsuwar kotu da sanarwar jarida tun yanzu.

Fas ɗin lissafi zai iya hana ki, gara ki ji daga yanzu. Abin da aka saba nema shi ne kiredit biyar a zaman da bai wuce biyu ba, har da Turanci, kuma kwasa-kwasan kimiyyar zamantakewa galibi suna haɗawa da lissafi, ko da an ɗauke ki digirin farko ba shi. Maganinsa sake zama jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu. Ki lura da zancen zama biyun: in sakamakonki na yanzu ya riga ya haɗa zama biyu, lissafi kaɗai ba zai fisshe ki ba, sai kin rubuta darussan da za su cika biyar in an haɗa da ɗaya daga cikin tsofaffin. Ga malaman lissafi nan kuna shan shayi tare a ɗakin malamai, kada kunya ta hana ki. Zai ma yi miki rana, domin kwas ɗin ƙididdiga da dabarun bincike shi ne inda waɗanda suka fito daga fannin harshe suka fi tuntuɓe, ga shi a karatun gaba da digiri sai da maki 50 ake cin kwas.

Da 2:2 ana neman mastas a mafi yawan jami'o'inmu. Fannin naki ne abin dubawa. Wanda ya karanta Soshiyoloji, wato nazarin zamantakewar al'umma, ko walwalar jama'a yakan wuce kai tsaye, wanda ya fito daga wani fanni kuwa akan ce ya fara yin babbar difloma ta bayan digiri, wato PGD, zango biyu, sannan mastas ya ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Ki sa a ranki shekara uku ce, in ba a yi yajin aiki ba, don na ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. A ganina PGD alheri ce gare ki. Da kuɗin shekara ɗaya za ki gane ko aikin naki ne, maigida ya ga yadda gidan zai kasance, in kuma kika fita da maki mai kyau ya ƙara wa takardarki nauyi. A Kano ƙofar da za ki fara ƙwanƙwasawa ita ce sashen Soshiyoloji na Jami'ar Bayero. Jami'o'in Ibadan da Nsukka suna da sashen walwalar jama'a mai cin gashin kansa, amma da yara uku da aiki, can ba hanyarki ba ce yanzu. Ki je da ƙafarki ki nemi mai kula da karatun gaba da digiri na sashen, ki ji waɗanne kwasa-kwasai aka buɗe bana, ko ana ɗaukar mai digirin koyarwa kai tsaye, ranakun lakca da lokacin tashi, sannan ko mastas ɗin na ƙwarewar aiki ne ko na bincike. Na ƙwarewa don ma'aikata aka tsara shi, sau da yawa a ƙarshen mako, sai dai jami'o'i da dama ba sa karɓarsa kai tsaye wajen shiga digiri na uku.

Kada ki tashi daga ofishin nan sai kin ji zancen fili dalla-dalla: mako nawa ne, a waɗanne wurare, wa yake duba ɗalibi kullum, sau nawa malamin jami'a yake leƙowa. Don ki samu ma'auni, a Amurka ba a amincewa da kwas ɗin MSW sai ɗalibi ya yi aƙalla awa 900 a fili, a Ingila kuwa kwana 200 ake nema. Kwas ɗin da za a ce miki “je ki samo wanda zai buga miki hatimi a littafin rahoto” ki gudu daga gare shi, komai arharsa. A 2022 aka yi dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa ma'aikatan walwalar jama'a rajista a Najeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu. Aikin yana tafiya zuwa inda za a riƙa tambayar mutum a ina ya samu horo, don haka littafin rahoton fili da takardar shaidar wurin da kika yi shi abin adanawa ne kamar shaidar digiri.

Yanzu ga maigida. Namijin da ya ce zai biya rabin kuɗi ba ya neman hana ki. Tsoro yake ji, kuma tsoronsa yana da tushe. Kuskuren da nake jiye miki shi ne ki ce masa “to” don a wuce wurin, ki bar rigimar sai ranar da takardar tura ki fili ta fito, an riga an kashe kuɗin zango biyu. Sharaɗin gidan yari shi ne mafi sauƙi, domin wuraren horo a Kano suna da yawa. Akwai ofishin walwalar majinyata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Ƙashi na Dala. Akwai cibiyar masu yoyon fitsari ta Laure Madaki a cikin Murtala, inda majinyatan duk mata ne. Akwai gidan yara na Nassarawa da ofisoshin walwala na ma'aikatar mata. Ki sanar da mai tsara aikin fili tun farkon zango, a rubuce, irin wurin da kike so. Ki dai bayyana wa maigida cewa gidan ajiye yara masu laifi na Goron Dutse daban yake da kurkukun unguwar, kuma wata rana ajinku na iya kai ziyara can, kada ya ji sunan daga baya ya ga kamar an yi masa rufa-rufa. Magariba ma ba za ta gagara ba a fili, tunda lokacin ofis ake yi. Lakcar yamma da cunkoson Kabuga ne za su karya wannan sharaɗi, musamman makon jarrabawa. Ki kawo masa jadawalin ya gani da idonsa, ku shirya ko shi zai riƙa ɗauko ki a waɗannan ranaku, ko ku tsayar da mai adaidaita sahu ɗaya da kuka sani.

Shiga gidajen mutane ne ba zan yi miki alkawarin kauce masa ba. Yarinyar da ta daina zuwa makaranta, ko majinyacin da ya daina karɓar magani, ba a gano dalilinsu daga kan kujerar ofis. Amma abin da maigida yake hangowa, wato matarsa ita kaɗai tana ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta sani ba, ba haka ƙa'idar aikin take ba. Ɗaliba ba ta zuwa ita kaɗai, da ma'aikaciyar wurin take tafiya. Ana rubuta adireshi da lokacin fita da na dawowa a ofis, ana sanar da mutanen gidan kafin a zo, inda ake jin za a samu tirjiya a bi ta hannun mai unguwa, a fita da hantsi a dawo kafin azahar, gidan da aka san akwai mai duka ko mai maye kuwa a kira mutanen ofis maimakon a je. Ki kuma tuna masa rubutun da ke jikin zaurukan birnin nan, “ba a shiga”. Ma'aikaci namiji a zaure zai tsaya, ya ji abin da maigidan ya ga dama ya faɗa, ya juya. Matar da ke ciki da jaririn da ya rame, sai mace irinki za ta gan su. Ki roƙe shi ya sauya sharaɗin daga “ba shiga” zuwa “ba shiga ke kaɗai, ba shiga da yamma, kuma ina sane da ranar”. In ya amince, an gama. In ya ƙi bayan ya ji duka, ki ɗauki ƙinsa da gaske, akwai wata hanya da zan zo kanta.

Hajiya surukarki ba a banza ta faɗi maganarta ba. Mutane ba sa jin sunan 'yan walfiya sai aure ya riga ya tsage, shi ya sa ake ɗora musu laifin tsagewar. Jami'in walwala ba shi da ikon raba aure, wannan na miji ne ko alƙali. Abin da ya fi cika ofisoshin shi ne sulhu, da neman uba ya ci gaba da ciyar da 'ya'yansa bayan rabuwa, da zancen wa zai riƙe yara. Kada ke ki tsaya yi mata bayani, ɗanta ya fi ki bakin faɗa, kuma ya yi mata da yaren da ta sani, kula da marayu da majinyata marasa galihu. Ina kuma zargin akwai tambayar da ba ta furta ba: in kin tafi makaranta Asabar da Lahadi, wa za a bar wa yaran? In ita ce a ranku, a je a roƙe ta da girmamawa, kada a wayi gari kawai a ajiye mata su. In ba ita ba ce, a faɗa mata wanda aka tanada, za ki ga rabin adawar ta kwanta.

Ga yadda aikin yake kusa-kusa, don ki auna kanki. An turo miki wata uwa daga ɗakin yara. An sallami ɗanta mai sikila kwana uku da suka wuce, ba su tafi ba saboda sauran kuɗi, tana zaune a bakin benci da fulas da ledar katunan asibiti a cinya. Hannunki zai nufi jaka, kuma wannan ne kuskuren farko da mai duba ki zai ja wa layi, domin gobe goma za su zo, albashinki kuwa ɗaya ne. Abin da ake koya miki shi ne ki kai ta inda ba kunnen jama'a, ki ji wa ya kawo su, wa yake ci da gidan, yara nawa ne, nawa ke da sikila a cikinsu, karo na nawa ke nan ana kwantar da shi a bana, yaya suke samun maganin kullum. Ki zana taswirar dangi a takarda, sau da yawa a nan wani kawu ko ƙungiyar masallaci da ba a tuna da su ba suke ɓullowa. Ki rubuta rahoto shafi ɗaya ga masu ikon rage kuɗi ko yafe shi, ki duba ko yaron zai shiga tsarin marasa ƙarfi na hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ko a rubuta wa Hukumar Zakka da Hubusi, ki sa ranar bibiya. Da yamma ki rubuta hirar kamar yadda ta gudana, abin da ta ce, abin da kika ce, abin da kika ji a ranki. Washegari mai duba ki ya bi da jan biro: nan kin katse ta, nan kin shiga yi mata wa'azi alhali kuka take, nan kin yanke mata shawarar da ita ya kamata ta yanke. Malaman makaranta sun fi shan jan biron nan, saboda bakinsu ya saba da ba da umarni.

Sai riƙe sirri, wanda a Kano ya fi ko'ina wuya, garin da in an ja zare kaɗan sai a tarar dangi ne ko makwabta. Abin da kika ji a fili ba na hirar dare da maigida ba ne, ba na gidan biki ba ne, hoton maraya kuma ba na sitatus ɗin WhatsApp ba ne ko da niyyar neman taimako. In aka turo miki wadda kika sani, ki gaya wa mai duba ki a sauya mata wata.

Wannan ƙa'ida ita ta kawo mu kan ƙaninki. Dalilinki mai kyau ne, kuma da yawa daga masu riƙe aikin nan da gaske wani ciwo na gida ne ya kawo su. Amma ba za ki zama ma'aikaciyar ƙaninki ba ko kin gama, yayarsa za ki ci gaba da zama, kuma shi ba zai iya jiran shekara uku ba. A kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa yanzu, sashen da ke asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau, hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara ga masu son dainawa. Kada a ɗaure shi a ɗaki a yanke masa ƙwaya rana ɗaya, domin wasu ƙwayoyin in aka tsayar da su farat ɗaya suna iya jawo jijjiga mai haɗari. Likita ne yake tsara yadda za a rage. Gidajen mari kuwa, tun 2019 gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe su. Ke kuma a zangon farko na fili kada ki zaɓi wurin masu shaye-shaye. Duk saurayin da ya shigo fuskar ƙaninki za ki gani, ki yi masa faɗan da kike son yi wa naki, ko ki yi masa sassaucin da zai cutar da shi. Ki gaya wa mai duba ki labarin tun farko, wannan ba rauni ba ne a wurinsu, abin da suke son ji ne.

Shugabarku ta faɗi gaskiya a ɓangarenta. Takardar da ba ta shafi aikin da kike kai ba, ba lallai a lissafa miki ita wajen ƙarin girma ba, kuma in kina son komawa layin jami'an walwala sai kin nemi sauyin layin aiki, wanda ya dogara da samun gurbi. Ƙungiyoyi masu zaman kansu suna ɗaukar masu MSW a aikin kare yara da tallafa wa mata, amma aikin kwantiragi ne da ke rayuwa da kuɗin masu tallafi. Da Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta agajin ƙasashen waje, USAID, a farkon 2025, ayyuka da dama sun tsaya cak. Don haka kada ki ajiye aikin gwamnati saboda wannan karatu. Ki rubuta neman izini ta hannun shugabarku zuwa hukumarku kafin ki yi rajista, ko da kwas ɗin na ƙarshen mako ne, domin aikin fili a ranakun aiki yake faɗowa, kuma takardar da aka yi ba da izini ba takan sha wuya wajen shiga fayil. Ki tambaya a jami'a ko za a iya tara makonnin filin a dogon hutun makarantu. Ga kuma hanyar da na ce zan zo kanta: mastas a fannin shiryarwa da ba da shawara, wanda malamai ke kira G&C, a tsangayar ilimi. Digirinki ya dace da shi, hukumarku za ta lissafa shi, horonsa galibi a cikin makaranta ake yi, kuma 'yan matan da ake cirewa daga aji a yi musu aure, da masu talla kafin su zo, da waɗanda aka ci zarafinsu suka yi shiru, suna nan a ajinki yanzu haka. Ba daidai yake da MSW ba, ba zai kai ki asibiti ko kotu ba, amma in maigida ya tsaya kan bakansa game da shiga gidaje, shi zan zaɓa miki.

Kuɗi kuma, “rabin kuɗin makaranta” magana ce mai faɗi. Ku zauna da biro ku rubuta kuɗin fom, na karɓar gurbi, rajistar kowace shekara, kuɗin mota na kowace ranar lakca da ta fili, data, buga takardu, da kuɗin bincike da ɗaurin kundin binciken a ƙarshe, sannan ku raba jimlar. Kuɗin motar fili da na bincike su ne suke zuwa ba sallama. In kina adashe, ki nemi kwasarki ta faɗo watan rajista. Kwamfuta ko tsohuwa ce ki tanada, waya ba ta rubuta kundi. Batun bincike ki ɗauko shi daga wurin da kika yi fili, inda aka riga aka san fuskarki, ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike da wuri in ya shafi majinyata ko yara, don yakan ɗauki makonni. Tambayoyin da kika fassara zuwa Hausa ki ba wani ya mayar da su Turanci ki ga ko ma'ana ta kauce. A nan digirinki na Hausa zai sa 'yan ajinku su riƙa layi a gabanki. Masu sayar da kundi a bakin makaranta ki bar musu kayansu, ana saka shi a manhajar gano satar rubutu, sannan ke za ki tsaya gaban malamai ki kare shi.

Ingila ki ajiye ta gefe. Mastas ɗin da ke ba mutum damar yin aikin walwala a can shekara biyu ne, tallafin karatu na Chevening da gwamnatin Birtaniya ke bayarwa kuwa na kwas ɗin shekara ɗaya ne, sannan tun Janairun 2024 ɗalibin mastas na ɗaukar lakca, wanda ba na bincike ba, ba ya tafiya da iyali.

Amsata ita ce kada ki haƙura, kada kuma ki sayi fom sai abu uku sun kammala: an aika tiranskirif, kin san matsayin lissafinki, maigida ya faɗi matsayarsa kan ziyarar gida bayan ya ji yadda ake yin ta. In sun kammala kafin a rufe na bana, bismillah, ki nemi PGD ko mastas gwargwadon abin da aka faɗa miki a sashen. In ba su kammala ba, baɗi na nan, ki yi shekarar kina gyaran takardu. A wannan makon ki nemi maigida ya kai ku asibiti ke da ƙaninki. In kun fito daga wurin likita, ki tambayi inda ofishin walwala yake, ku shiga ku uku, ki gabatar da matsalar ƙaninki a matsayinki na yayarsa. Ki lura da yadda ma'aikaciyar take tambaya da abin da take rubutawa, shi ma maigida yana zaune yana gani. Kafin ku tashi, ki tambaye ta a ina ta yi karatu, sau nawa take fita ziyarar gida a wata, kuma da wa take tafiya.